Daga Ganuwar Gwandu Zuwa Gine-ginen Kalgo

A sani cewa duk wanda ya bi hanyar mota daga Birnin Kebbi ya nufi Jega, in ya iso Kalgo, inda hanyar Bunza ta rabu, zai ga gari yana miƙe ƙafa ta kowace fuska. Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a shekarar 2013, aka ba ta mazauni a kan hanyar Bunza, ga kuma babban asibitin jiha da ke nan, sai filin da a da a ke shuka gero ya zama abin ciniki. Attajiri ya sayi nasa ya ce zai yi shaguna, wani ya ce ɗakunan haya domin ɗalibai, jama'ar unguwa kuwa suka haɗa taro da sisi za su ta da masallaci da makaranta. Amma mai lura zai ga wani abu a tsakanin waɗannan gine-gine, irin wanda a ke gani a kowane gari na ƙasar nan, watau kangaye. Bango ya kai linta ya tsaya, rodi ya fito yana tsatsa, tafasa ta tsiro a tsakar ɗaki, awaki sun sami wurin kwana.

In an tambayi dalili, jawabi ɗaya a kan ji: kuɗi sun ƙare. Wani lokaci gaskiya ne. Sai dai da yawa daga cikin kangayen nan, in an lissafa abin da aka zuba musu, da ya isa a gama ƙaramin gini a shiga. Abin da ya ƙare tun da fari shi ne mai riƙe da aikin dukansa a cikin kansa, wanda ya san farkonsa da ƙarshensa tun ba a haƙa harsashi ba. Cutar kuma ba ta talaka kaɗai ba ce. A 2011 kwamitin da Shugaban Ƙasa ya naɗa, ƙarƙashin Ibrahim Bunu, ya ƙidaya ayyukan Gwamnatin Tarayya 11,886 waɗanda aka fara ba a gama ba.

Mutanen Gwandu suna da labari a kan wannan mas'ala tun kafin a san siminti. A shekarar 1220 ta Hijira, watau 1805, bayan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, jama'ar Shehu Usmanu, Allah ya jiƙansu, suka sauka Gwandu, wurin da asalinsa gandu ne na sarakunan Kabi. A ƙarshen shekarar aka yi yaƙin Alwasa, jama'a suka sha wuya ƙwarai, abokan gaba suka biyo su har bakin Gwandu, alhali garin ba shi da ganuwa. Da ƙyar aka kore su. A shekara mai bi mata Muhammadu Bello ya kewaye garin da ganuwa, kamar yadda ya yi wa Sakkwato a 1809. Wanda ya ga maƙiyi a ƙofar gidansa ba ya bukatar a gaya masa abin da ya ke so ganuwa ta yi masa, ko ranar da ya ke so ta ƙare. Ga bukata sananniya, ga ajali sananne. Waɗannan biyu su ne abin da yawancin masu gini na yanzu su kan fara aiki ba tare da su ba.

Yadda a ke gina ganuwa a ƙasar Hausa abin dubawa ne, domin ganuwa ba bango ba ce kurum. Tun wajen shata iyakarta a ke tunanin ruwa, don garin da rijiyoyinsa ke waje an ci shi tun ba a yi yaƙi ba. A kan bar fili a ciki saboda dabbobi da mutanen ƙauye da za su gudo, har da ɗan abin nomawa in zaman ya yi tsawo. Ƙasar da a ke ginin da ita daga gindinta a ke haƙo ta, ramin ya zama gwalalo, a shuka masa sarƙaƙiya, aiki ɗaya ya haifi kariya biyu. Ta ciki a bar badala inda maharba za su tsaya. Ƙofa kuma a kan yi ta daidai da hanyar kasuwa da ta mashaya, ba ta faɗi har dawaki su shigo a jere ba, ba ta ƙunci har raƙumi da kaya ya kasa wucewa ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da za a yanke shawararsa a manta da sauran.

Sa'an nan sai rabon aiki. Kowace unguwa da kowane ƙauye a kan yanka masa nasa yanki, a fito gayya bayan kaka, a gama kafin ruwa ya sauko. A nan hatsarin ya ke. Mutanen gabas sun yi nasu da kyau, na kudu sun yi nasu da kyau, amma inda yankunan biyu suka haɗu, na wa ne? In ba a sa wanda zai tsaya a kan wannan mahaɗa ba, a nan damina za ta fara ci, a nan kuma maƙiyi zai nema. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ganuwar da aka gama kashi tara cikin goma kuwa, hukuncinta hukuncin babu.

Masu labarin da su kan ce, sa'ad da Kanta ya gina Surame da duwatsu a ƙarni na 16, ya raba aikin ga ƙasashen da ke ƙarƙashinsa, Nufawa suka makara, sai ya hore su da su kwaɓa nasu yanki da man kaɗanya maimakon ruwa. Ko labarin ya inganta ko an yi masa gishiri, ya nuna cewa tun zamanin an san jinkirin ƙungiya ɗaya jinkirin birni ne duka. Shi ma Sarkin Musulmi Bello, a cikin littafin da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, Usulus Siyasa, ya lissafa gina garuruwa masu ganuwa da gadoji, da kula da kasuwanni da hanyoyi, da riƙon masu sana'a, a cikin abin da ya hau kan shugaba.

Haka al'amarin ya ke ga ginin soro. Maginin da ya san sana'arsa ba ya shata faɗin ɗaki sai ya san azarar da ke hannunsa, domin azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a faɗin da ya wuce wajen ƙafa shida sai an yi mata dabara da baka ko ginshiƙi. Ashe rufi ne ke hukunta harsashi, ko da shi ke shi ne na ƙarshe wajen aiki. Tubali sai ya sha rana ya bushe. Bango ba a ta da shi rana ɗaya, sai a yi sahu kaɗan a bar shi ya kama. Makuba sai an tanadi kwasfar ɗorawa tun lokacinta, katsi sai an yi magana da masu karofi. Indararo kuma tun farko a ke sanin inda zai zubar, don kada ya ci gindin bangon ko ya jawo shari'a da maƙwabci. Irin wannan shari'a ta sa wani magini na Tunis, Ibnu Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya dubo musu rigingimun gini a ƙarni na 14, ya tara hukunce-hukuncenta bisa mazhabar Maliku a littafi guda. Duk waɗannan abubuwa a kan mutum ɗaya su ke, shi ne Sarkin Magina ko babban gwani, kamar Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Shi ne mai zane, shi ne mai lissafi, shi ne mai tsayawa a kan aiki.

Da siminti ya zo, sai wannan kai ɗaya ya tsage gida goma. Mai zanen gini daban, injiniyan da ke lissafin rodi daban, mai ƙiyasin kuɗi daban, ɗan kwangila daban. A ƙarƙashinsa ga birkila, ga kafinta, ga mai ɗaurin rodi, ga mai famfo, ga mai wayar lantarki, ga mai walda. Siminti daga Kalambaina ta wajen Sakkwato, katako daga kudu, yashi da tsakuwa sai mai tifa ya ga dama. Kowannensu yana iya zama gwani a fanninsa, ginin kuma ya lalace. Birkila ya yi filasta sumul, gobe mai lantarki ya zo da kurfi ya farfasa ta don ya binne bututu. An zuba daɓe an gama, sa'an nan aka tuna ba a bar wa ruwan banɗaki mafita ba. Mai walda ya kawo tagogi ya tarar ramukan da aka bar masa sun fi su faɗi da taƙi guda. Ba wanda ya yi ha'inci a cikinsu, amma mai gida ya biya aiki ɗaya sau biyu.

Turawa ma sun gamu da wannan cuta, har suka yi mata ilmi na musamman, wanda ma'anar sunansa ita ce injiniyancin tsari. An fara jin sunan a wajen masu binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka cikin shekarun 1940, domin sun ga cewa kan tarho mai kyau da waya mai kyau da na'urar haɗa kira mai kyau ba su isa mutum ya ji muryar ɗan'uwansa ba, sai an sami wanda aikinsa shi ne jituwar sassan. Daga nan ilmin ya shiga ƙirar makamai da jiragen sama, daga bisani ya iso wurin masu gina hanyoyin jirgin ƙasa da asibitoci. Asalinsa ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta fiƙihu. Almajiri ya san bambancin sharaɗi da rukuni, ya san wanda ya kyautata ruku'u da sujada ba da alwala ba bai yi salla ba, ya kuma san jeranta farillai farilla ce a kanta. Masu wannan ilmi cewa su ke yi a rubuta bukata tukuna, dalla-dalla, kafin a yi zane: mutum nawa za su shiga, ruwa daga ina, wuta daga ina, wa zai riƙa gyara bayan an buɗe. A gama zane kafin a haƙa rami. Kowace mahaɗa tsakanin ma'aikaci da ma'aikaci a ba ta mai ita da sunansa. Kowane mataki kuma a jarraba shi da abin da aka rubuta tun farko kafin a rufe shi da na gaba, domin bututun da ke yoyo, in an gane kafin daɓe, kuɗin gyaransa bai kai na goro ba.

Akwai wani babi a cikinsa da ya fi dacewa da fatake. A 1957 waɗansu Amurkawa biyu, James Kelley da Morgan Walker, suka fitar da hanyar lissafin kwanakin aiki domin kamfanin DuPont. Sai a jera ayyukan duka, a nuna wanne ke jiran wanne, a duba sarƙar da ta fi tsawo. Wannan sarƙa ita ce ajalin ginin. Kwana ɗaya da aka ɓata a kanta ya ɓace ga aikin duka, alhali sauran ayyukan suna da sararin jinkiri ba tare da cuta ba. Misali attajirin Kalgo da ke son bene, shaguna a ƙasa, ɗakuna a bisa. Harsashi na jiran awo, bango na jiran harsashi, rufin kankare na jiran bango da katako da rodi da bututun lantarki, bangon bisa kuma na jiran kankare ya yi ƙarfi. Kankare kuwa a kwana 28 a ke auna cikar ƙarfinsa, yana son a riƙa ba shi ruwa a kwanakin farko. Wanda ya cire turakun da ke tokare da shi tun bai kama ba don ya mai da katakon haya, da ran mutane ya ke caca. To, sau da yawa mai gini ya kan ga fenti da tayil sun yi araha ya saye ya tara a sito, ya ji daɗi cewa aiki na tafiya, ranar zuba kankare kuma a rasa kuɗin rodi. Ya kashe dukiyarsa a kan abin da ke iya jira, ya bar abin da kowa ke jira.

Kakannin 'yan kasuwar Jega ba su yi wannan kuskure ba sa'ad da su ke fataucin goro zuwa Gwanja. Madugu ba shi ne ya fi kowa jakuna ba. Aikinsa shi ne sanin zango da zango, da inda ruwa ya ke, da lokacin da za a ƙetare Kwara, da abin da za a biya a ƙasar Borgu, da watan da ya wajaba a baro Salaga don kada damina ta tare hanya goro ya lalace. Jagaba na gaba, malamin ayari na riƙe da lissafi, amma ayarin dukansa a kan madugu ya ke. Abin mamaki ne a ga jikan falke, wanda ba zai tura motar albasa Legas ba sai ya san direba da dillali da ranar kasuwa, ya zuba miliyoyi a gini ba madugu.

Manya ma sun faɗa wannan rami. A birnin Sidni na Ostireliya hukuma ta matsa aka fara ginin babban gidan waƙe-waƙensu a 1959 tun ba a san yadda za a yi rufinsa ba. Da aka gano, sai ginshiƙan da aka riga aka kafa suka kasa, aka sake su. Aikin da aka ce zai ƙare a 1963 a kan dala miliyan 7 sai 1973 ya ƙare, a kan miliyan 102. A nan gida kuwa ga Ajaokuta, wadda aka ƙulla kwangilarta da Rasha a 1979. An kafa injuna, an gina gidajen ma'aikata, amma babban tanderun narka tama ba a taɓa hura shi ba, hanyar jirgin da aka fara a 1987 don ta haɗa Itakpe da Ajaokuta da Warri kuwa sai 2020 aka buɗe ta.

Wanda ya fi kusa da mutanen Kabi shi ne dam ɗin Bakolori, a kan gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, wanda aka gama a 1978. Ta wajen gini ba a ce masa kome ba, yana nan tsaye. Amma masu shirin sun ja iyakar aikinsu a bakin kankare da magudanai, suka bar mutane a waje. Waɗanda ruwa ya ci gonakinsu da waɗanda aka hana shuka shekara da shekaru ana gyaran fili suka tashi neman diyya, har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, rayuka suka salwanta. Na ƙasa da dam kuma, masu shinkafar fadama da masunta, waɗanda abincinsu ke rataye da ambaliyar kowace shekara, suka wayi gari ruwan ya ragu, ba wanda ya taɓa tambayarsu. Labarin bai tsaya can ba. Aikin noman rani na Zauro, a fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, tun 1969 a ke maganarsa, aka yi ɗan filin gwaji a 1982, har aka shekara arba'in babban aikin bai tashi ba, kuma tsoron manoma a kan gonakinsu yana cikin dalilan. Manomin fadama sashe ne na dam kamar yadda ƙofar ruwa ta ke sashensa, sai dai shi ba a zana shi a takarda.

Mai karatu yana iya cewa, wannan duk zancen gwamnati ne da masu digiri, ina ruwan mai shago uku? Yana da hujja ta wani gefe. Ilmin nan in ya faɗa hannun malalaci ya kan koma tarin takardu da taro bayan taro, kuma ba ya maganin ɓarawo. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007 ta hana a ƙulla aikin gwamnati sai an tabbatar kuɗinsa na nan, ga shi kuwa bayan shekara huɗu aka yi waccan ƙidaya. Amma gwargwadon abin da ƙaramin mai gini ke bukata bai fi takarda biyu da zama ɗaya ba. Ya tara birkila da kafinta da mai famfo da mai lantarki a inuwa ɗaya kafin a sari ƙasa, kowa ya faɗi abin da ya ke so ya tarar da abin da zai bari, a naɗa ɗaya wanda maganarsa ce ta ƙarshe, a biya shi ladan wannan riƙo daban. Ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta siffar aiki da adadinsa da ajalinsa da ladansa, a sa shaidu, kamar yadda malamai suka shar'anta a ijara da cinikin salam don guje wa garari. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, amma sai ka ga kwamitin masallaci, da limami a cikinsa, sun ba da aikin miliyoyi da fatar baki, ranar rigima kowa ya rantse.

Abu mafi nauyi shi ne yanka aikin gwargwadon aljihu, ta yadda kowane yanki zai tsaya da kansa. Mai kuɗin shago biyu da ya shata shida ya kai su linta, ya sami kango shida da ke cin ruwan sama. Da ya yi harsashin shida, ya ta da biyu ya rufa ya sa ƙofa, da hayarsu ta fara gina na uku. Haka makarantar allo da ke son komawa ta bulo: aji ɗaya mai rufi da rijiya da makewayi ya fi azuzuwa huɗu da yara ba su iya zama a ciki. A ƙasar Kalgo kuma, da ke gefen fadama, akwai tambayar da ta riga zane, ita ce inda ruwa ya tsaya a shekarar babbar ambaliya. Wanda ya ga ta 2020, wadda ta cinye shinkafar Kabi ta karya gadoji, ya san dattawan unguwa sun fi takardar fili sanin jawabinta, su ne za su nuna a jikin itace inda ruwan ya kai, daga nan a ɗaga daɓe a bar wa kwalbati hanya.

Lokacin gini a ƙasar Gwandu bai sake ba tun zamanin ganuwa. Daga kammala kaka a watan Nuwamba zuwa saukar ruwa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, wata shida ne da 'yan kwanaki. Mai son rufinsa ya riga hadarin farko, daga ranar rufin zai fara ƙidaya yana komowa baya: kwanakin kafinta, kwanakin bangon bisa, kwana 28 na kankare, kwanakin bangon ƙasa, kwanakin bushewar bulo, ya kuma cire ranakun salla da na kasuwar Jega da leburori ba su zuwa. In ƙidayar ta kai shi bayan ranar da ya ke ciki, to benen ba na bana ba ne, sai ya rufe na ƙasa ya dakata.